Sakin da Aka Yi Mini da Katin Aro

Shekara takwas na yi a sake ban sani ba. Ina tuƙa wa mutum tuwo, ina wanke masa riga, har na haifa masa 'ya, ashe wai can a Agadas akwai wani littafi da aka rubuta cewa ba ni da miji. Ban ji labari ba sai ranar sadakar ukun Malam.

Malam shi ne mijina. Shekara ashirin da ɗaya muna tare ban taɓa kama sunansa na yanka ba, ai haka muka tashi muka ga iyayenmu mata suna yi. Fataucin awaki ne sana'arsa, ya sayo a kasuwannin Nijar ya kawo Maigatari ranar Alhamis. Ni kuma sunana Saude. A Dungas aka haife ni cikin Nijar, aure ya kawo ni wani ƙauye a gefen Gagarawa, ina yin kantun riɗi ina sayarwa. Haihuwa biyar na yi, ɗaya ce ta tsaya, Asiya.

Ranar ukun ne wansa, Yaya Sale, ya buɗe akwatin Malam yana neman takardar gona, sai ya ci karo da wata ambulan. Rubutun Faransanci ne, babu mai iya karantawa sai wani abokin fataucin Malam da ya zo ta'aziyya daga Damagaram. Bawan Allah ya fara karantawa da ƙarfi a zaure, ya kai tsakiya ya tsaya, aka ce ya ƙarasa. Takardar kotu ce. Ta ce Malam ya tsaya gaban alƙali a Agadas ya sake ni saki uku, ni ma ina tsaye a wurin, har na dangwala yatsa. Shekara takwas ke nan da suka wuce. Asiya kuwa shekararta shida da rabi. Kafin la'asar babu macen da ba ta gama wannan lissafi da yatsunta ba a gidan makokin nan.

Ni da jin an ce Agadas na gane bakin zaren. Shekara tara baya, ƙanen Malam, Iliya, da matarsa Rabi suka tashi tafiya arewa neman aiki. A hanyar nan jandarmomi suna tare macen da ba ta da takarda. Ni da Malam muna da katin ɗan ƙasa na Nijar, muna da takardar aurenmu ta Dungas. Hotunan duk sun koɗe, Iliya da Malam kamar an tsaga kara, ni da Rabi kuma cikin hijabi wa zai tsaya bambancewa? Mu mutanen bakin iyaka aron kati a wajenmu kamar aron turmi ne. Ni da hannuna na ɗauko na miƙa wa Rabi, har ina ce mata ta kula kada ruwa ya taɓa. Da aurensu ya mutu a can, da sunayenmu suka shiga kotu, tunda su ne a katin. Iliya ya aiko da katunan da takardun cikin ambulan, Malam ya zare su ya jefa sauran a akwati, bai san me ke ciki ba. Daga nan Iliya ya wuce Libiya, shekara biyar babu ko waya. Rabi ta yi wani auren a Agadas.

Duk na faɗi wannan. Yaya Sale ba mugu ba ne, amma mutum ne da in ya ga hatimi ya gama magana.

Ya ce, "Saude, ni ban ce ƙarya kike ba. Amma ga hatimi, ga yatsa. Kuma a shekarar nan ai wata huɗu kika yi a Nijar."

Gaskiya ne, jinyar mahaifiyata na je yi a Dungas. Ya ce tunda haka ne babu takaba a kaina. Na ce a zo a fitar da ni daga ɗakin in an isa. Na yi takabata cif, wata huɗu da kwana goma. Cikin kwanakin na samo lambar Rabi wajen uwarta a Sule Tankarkar na kira. Tana jin muryata ta ce, "Yaya, ni ban san zancen nan ba," ta kashe wayar. Ba ta ƙara shiga ba.

Da na fita takaba muka je gaban alƙali a Gumel. Dattijo ne mai tausayi. Ya ce ba shi da ikon soke takardar kotun wata ƙasa da bakina kawai, ga shi masu shaidar aron ɗaya yana kabari, ɗaya ya ɓace, ɗaya ta musa. Sai ya sassauta murya ya ce, "Amma shari'a ba ta barin yaro babu uba. Akwai kwantaccen ciki. Sai a ɗauka cikin tun kafin sakin yake, ya kwanta, daga baya ya tashi. A ba ta ubanta a rufe magana."

Na san alheri yake nufi. Amma wallahi ji na yi kamar an watsa mini tafasasshen ruwa. In na yarda, na yarda ke nan an sake ni, na zauna shekara takwas da mutum babu aure. Asiya kuma ta girma ana cewa 'yarsa ce, amma.

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, cikina bai taɓa kwanciya ba. Wata tara ya yi na haife ta da rana tsaka a ɗakin ubanta. Ba na son a ba ta uba don tausayi."

Ya ce, "To, wanda ya ɗaura shi zai kwance. Ki kawo mini takarda daga kotun da ta ba da wannan."

Fitowata daga gida ba wani abin labari ba ne. Na bar Asiya wajen ƙanwata, na ɗaure takardar a gefen zanena na ciki, na cika roba da kantu. Uwar Rabi ta biyo ni har Maigatari da ƙullin daddawa, ta ce in Allah ya sa na ga 'yarta in ba ta.

A tashar Damagaram aka fara yi mini wanka babu ruwa. Ina zaune ina jiran motar Agadas sai ga wani ɗan gaye da tabarau da jakar hannu, wai shi ma'aikacin kotu ne. Ban san yadda aka yi bakina ya zuba masa labari ba. Ya kaɗa kai ya ce, "Haba Hajiya, mi zai kai ki Agadas? Kotun ƙasar nan duk ɗaya ce. Nan ma sai a kashe takardar yau yau." Allah ya taimake ni kwafi na ba shi, ta ainihin tana jikina. Ya ce akwai kuɗin tambur da na sa hannu. Na cire 'yan kunnena na zinariya, waɗanda Malam ya sayo mini lokacin haihuwar Asiya, na damƙa masa. Bayan azahar ya dawo da takarda mai hatimi har biyu. Murna kamar in taka rawa, har na fara tambayar motar komawa gida.

Wata mata ce a gefena tana cin gyaɗa, malamar makaranta ce za ta Tanut. Na miƙa mata don in ji daɗin abin da aka rubuta. Ta karanta, ta dube ni, ta sake karantawa.

Ta ce, "Baiwar Allah, awaki nawa gare ki?"

Na ce, "Awaki kuma?"

"Wannan takardar allurar rigakafin dabbobi ce. An ce an yi miki, kina iya ƙetare iyaka."

Matar mai fataucin awaki guda, a mai da ni akuya! Ban tsaya kuka ba. Na ba ta ajiyar robata na zaga tashar nan, na same shi wajen mai shayi ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Na cakumi wuyan rigarsa na buɗe murya. Na ce jama'a ku zo ku ga ma'aikacin kotun awaki. Direbobi suka taru, ya yi tsuru-tsuru, tabarau ya faɗi. Aka lalube aljihunsa aka sami ɗan kunne ɗaya, ɗayan ya riga ya shige. Na maƙala abina a kunnen dama. Haka na yi sauran tafiyar da ɗan kunne guda, duk wanda ya kalle ni ni ma in kalle shi.

Daga Tanut zuwa gaba hanya ta daina zama hanya. Ni da na tashi cikin gero da riɗi, ban taɓa ganin ƙasar da za ka yi tafiyar rabin yini ba ka ga gona ba. A wani shinge jandarma ya karɓi katina, ya dubi hoton, ya dube ni. Ya ce, "Wannan ke ce?" Na ce, "Ni ce, ranka ya daɗe. Yau dai ni ce." Bai gane ba, ya yi dariya ya miƙo mini.

Kafin mu kai garin Adarbisinat motar ta mutu. Kwana biyu muka yi a wurin ana jiran a kawo wani ƙarfe daga gari. Rana ta biyun Juma'a ce, ranar da nake yi wa Asiya kitso. Ita ba ta zama a yi mata sai an ba ta kantu a hannu, kuma ƙanwata hannunta da zafi, na san za ta ja mata gashi. Ina zaune a inuwar mota sai kewa ta taso mini, na yi ta kuka kamar yarinya. Wannan ne kawai lokacin da na ce wa kaina, Saude, da kin karɓi kwantaccen cikin nan kin huta. Wata Buzuwa da ke cikin fasinjoji ta matso. Ba ta jin Hausa, ba na jin Buzanci. Ta hura ɗan gawayi ta dafa shayi, ta gutsuro cuku ta sa mini a hannu, ta kama haɓata ta ɗaga sama kamar yadda ake yi wa yaro. Na ba ta kantu. Ta ci ta zaro ido, ta miƙo hannu a ƙara mata. Muka yi ta dariya ba mu san sunan juna ba.

Na shiga Agadas da hantsi, ƙafafuna sun kumbura. Na tambayi inda 'yan Najeriya suke sauka, aka nuna mini rumfar wata mai tuwo, Inna Delu. Ina yin sallama ta ɗago kai ta ce, "Wannan bakin na ƙasar Gumel ne." Ashe 'yar Sule Tankarkar ce, shekara talatin rabonta da gida. Ta tambaye ni ko har yanzu tsamiyar bakin kasuwarsu tana nan. Ban sani ba, amma na ce tana nan. Ta ba ni tabarma a ɗakinta, ni kuma na kama mata wanke-wanke da tuƙi, ba ta ce in yi ba.

Washegari na je kotun. Magatakardan wani siririn mutum ne mai furfura, mai haƙuri. Ya karɓi takardar ya shige ciki, ya daɗe, ya fito da wani ƙaton littafi ya buɗe. Ga sunana, ga na Malam, ga yatsa a dangwale. Raina ya ɓaci da na ga sunan mijina a wurin da bai taɓa takawa ba. Na miƙa masa babban yatsana na ce ya gwada. Yatsan nan nawa yana da tabo a tsakiya, wuƙar yankan kantu ce ta tsaga shi tun ina amarya. Ya shafa mini tawada na dangwala a farar takarda, ya jera su. Nawa da layi fari a tsakiya, wancan sumul.

Ya ce, "Idona ya ga bambanci, amma idona ba hukunci ba ne. Za a sa miki rana. In kina son abin ya yi sauri, ki kawo wadda ta tsaya a nan."

Aka sa mako uku. Na shiga neman Rabi. Abin da na sani kawai mijinta mai gashin burodi ne. Na bi gidajen burodi ɗaya bayan ɗaya ina tambayar Rabi 'yar Najeriya, doguwa, mai wushirya. Kwana tara babu wanda ya san ta. Inna Delu da ta san kowa ita ma ta ce ba ta taɓa jin wata Rabi ba.

Rana ta goma ina kasuwa ina sayo wa Inna kuɓewa, sai na ji an ƙwala kira a bayana, "Saude! Saude!" Na juya na amsa. Ashe ba da ni ake ba. Wata mata ce a gaban mai tumatir ta amsa tare da ni, goye da yaro. Muka haɗa ido. Ta yi ƙiba, ta yi haske, amma wushiryar tana nan.

Sai a lokacin na gane wautata. Mace ta shigo gari da katina, ta yi aure da takardar da ke ɗauke da sunana, wane suna kuwa za a san ta da shi? Kwana tara ina neman Rabi a garin da babu Rabi.

Ta ja ni gidanta. Gida ne mai tsabta, ga ƙanshin burodi ta ko'ina, ga wata 'yar yarinya tana wasa a tsakar gida. Tun a hanya na shirya maganganun da zan gasa mata, kuma ban rage ko ɗaya ba. Na ce ta ci amanata, na ce aro na ba ta ba kyauta ba, na ce ana nuna 'yata da baki saboda ita. Ta durƙusa tana kuka.

Ta ce, "Yaya, wallahi ranar nan a kotu tsoro ne ya hana mu faɗin gaskiya. Aka karɓi kati aka rubuta, muka yi shiru. Yanzu in na tsaya na ce ni ba Saude ba ce, ɗaure ni za a yi. Mijina, Malam Isufu, bai sani ba. Da kwafin takardar sakin nan aka ɗaura mana aure. In ta mutu, nawa 'ya'yan fa? Su kuma 'ya'yan wa za a ce?"

Na dubi yaron da ke bayanta, na dubi yarinyar. Abin da ya taso ni daga Gagarawa shi ne ya rufe mata baki. Na ji tausayinta, kuma ban ji zan fasa ba.

Na ce, "Tashi ki zauna. Ranar da Iliya ya yi saki, wa ya kalla? Ni da nake Dungas, ko ke?"

Ta ce, "Ni."

"Shi kuma wannan bawan Allah, wa ya gani ya ce yana so? Kati?"

Ta sunkuyar da kai tana share hawaye.

Na ce, "Ni ba malama ba ce, amma na san Allah ba ya duba kati. Ba zan kai sunanki wurin hukuma ba, ba zan gaya wa mijinki ba. Ranar Talata ta sama zan tsaya a kotu, ko da ke ko babu ke. In shekara za a yi ana yi, ina nan, Inna Delu ba ta gaji da ni ba."

Na kwance ƙullin daddawar na ajiye mata a cinya, na ce in ji uwarki. Ta buɗe ta sansana, ta kifa fuska a ciki. Na fito na bar ta a haka.

Ranar Talata na yi wanka na sa zanen da na fita takaba da shi. Alƙalin matashi ne, ga malamai biyu zaune a gefensa masu duba abin da ya shafi addini. Na waiga bayana ya fi sau goma, babu Rabi. Aka kira ni na tashi na zayyana komai da Hausa, tun daga aron kati har yatsa. Da aka tambaye ni ina wadda na ara wa, na ce tana raye, amma ba ni zan kawo ta ba.

Alƙali ya ɗaure fuska ya ce, "Kin san ba da aron katin ɗan ƙasa laifi ne babba?"

Na ce, "Yanzu na sani, ranka ya daɗe. Ni na bayar, da hannun nan. A hukunta ni a kan wannan, ba zan ce uffan ba. Amma saki ba a yi mini ba, kuma ba zan ɗauki na wata in kai wa 'yata ba."

Ya ce tunda babu shaida, sai an aika yatsun biyu Yamai, babban birnin ƙasar, masana su duba, kuma abin yana iya ɗaukar watanni. Na ce zan jira. Da ƙarfi na faɗa. Har ya ɗauki alƙalami sai aka ji sallama daga ƙofa. Wani ƙaƙƙarfan mutum ne, hannayensa fari fat da fulawa, ko wankewa bai tsaya yi ba. Rabi tana bayansa da goyo.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, sunana Isufu. Na kawo matata. Yau da safe na ji sunanta."

Rabi ta tsaya ta faɗi abin da ya faru. Aka shafa mata tawada ta dangwala, magatakarda ya kai wa alƙali littafin, ko ni daga inda nake na ga shi ne. Ɗaya daga cikin malaman, tsoho mai farin rawani, ya tambaye ta wanda ya furta sakin da wadda aka furta wa, da ko ta yi idda kafin ta sake aure. Ta amsa. Ya juya wajen alƙali ya ce saki ya faɗa kan wadda mijinta ya saka, aurenta na biyu yana nan daram, ita kuma wannan baiwar Allah har mijinta ya koma ga Ubangijinsa matarsa ce. Malam Isufu ya sauke wata irin ajiyar zuciya da kowa ya ji.

Ba a ƙyale mu haka ba, kuma ban ga laifin kowa ba. Alƙali ya yi mana faɗa sosai, ni da ita. Ya ce don goyon da ke bayanta da kuma don ta kawo kanta ne hukuncin ba zai wuce biyan tara ba. Aka karɓe tsohon katin. Ɗan kunnen nan guda da na ƙwato a Damagaram, a nan ya tafi, ban kuma ji ciwonsa ba. Bayan kwana shida aka ba ni takarda mai cewa an soke waccan, sakin na Iliya da Rabi ne, ni babu abin da ya taɓa aurena. Wannan karon sai da na sa mutum uku daban-daban suka karanta mini kafin na ɗaure ta a zane, kada a sake yi mini allurar awaki.

Ranar da zan taho Malam Isufu ya cika mini buhu da burodi. Rabi ta rako ni tasha ta ce in gaya wa uwarta za ta zo da sallah, da katinta na kanta. Inna Delu ba ta iya rakiya ba, ta ce dai in na je in duba mata tsamiyar nan da gaske, don ta san ƙarya na yi mata.

Kwana arba'in da ɗaya na yi. Na tarar da Asiya ta rame, gashinta duk ya cukurkuɗe don ta hana kowa taɓawa. Ban huta ba sai da na zaunar da ita na yi mata kitso.

Muka koma kotun Gumel, ni da ita da Yaya Sale. Aka kawo mai fassara ya karanta takardar daga farko har ƙarshe. Yaya Sale ya karɓa ya duba hatimin, ya shafa shi da yatsa, ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Saude, ki yafe mini." Na ce na yafe, amma ya je zauren da aka karanta ta farko ya sa a karanta wannan, da ƙarfi irin na waccan. Ya ce zai yi, kuma ya yi.

Alƙali ya jawo littafinsa zai rubuta magada. Ya ce, "A faɗi sunan yarinya da na ubanta."

A irin wannan wuri namiji ne yake amsawa, kowa ya san mace ba za ta kama sunan mijinta ba. Yaya Sale har ya buɗe baki. Na riga shi. Shekara ashirin da ɗaya sunan nan yana bakina ban fitar da shi ba, wasu sun ɗauke shi sun kai Agadas sun yi abin da suka ga dama da shi. Na miƙe tsaye na dafa kan 'yata.

Na ce, "Asiya Garba. Garba mijina."

Idona ya cika. Asiya ta ɗago kai tana kallona, baki buɗe.

Ta ce, "Inna, ashe kin san sunansa?"

Na ce, "Na sani. Ajiye miki shi na yi."